Rabon Yau da Kullum a Ajin Ƙanana

Karatu: Ayyukan Manzanni 6:1-7

Gunagunin da ya tashi cikin ikilisiyar Urushalima a kan rabon abinci ne. Ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci. Ba wanda ya kore su. Mantawa aka yi da su, gama harshensu dabam ne da na masu rabon.

Karatun nan ya shafi masu sujada da Hausa a Fatakwal da Anaca da Enugu. Tun da aka gama gadar jirgin ƙasa ta Makurɗi a 1932, shekarar da aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, hanya ta ƙara buɗewa ga mutanen Arewa, fatake da masu shanu da ma'aikata. Har wani Bafulatani, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950. Jikokin baƙin nan a Kudu aka haife su, bakin waɗansu ya fi sabawa da harshen Igbo ko buroka. Ga kuma yaron da ya iso jiya daga Kagoro ko Biliri, ba ya jin ko ɗaya cikin biyun. Malama ta yi tambaya, yara uku ɗin nan na kullum su amsa, sauran su zuba ido. Wanda ya daɗe yana shiru, wata rana sai a nemi ƙeyarsa a rasa.

Ku sauke yaran daga benci, su kewaye tabarma ɗaya. A miƙa ƙoƙo hannu zuwa hannu. Mai riƙe da shi kaɗai ke magana, da harshen da ya iya, wani babba ya fassara. Kada a ce kowa ya kawo abu daga gida, gama ɗan matalauci zai ji kunya. A tambaye shi abin da ya gani a hanya. In ya ƙi magana, kada a matsa masa. Ya riƙe ƙoƙon kaɗan, ya miƙa gaba.

Ku lura da aya ta 5. Mutum bakwai ɗin da aka zaɓa, su Istifanas da Filibus, duka sunayen Helenanci gare su. Ga alama daga ɓangaren da aka manta aka ɗauko masu rabo. Saboda haka in akwai gyaɗa ko ƙosai, yaron da ake bari a baya shi za a ba faranti ya raba.

Malamai, ku tambayi juna kafin Lahadi mai zuwa: wane yaro ne ba ku ji muryarsa ba a watan nan?