Wa Ke Duba Aikin Mai Agajin Gaggawa a Bakin Daga?

Likitan da ke aiki a Asibitin Sojoji na 44 da ke Kaduna, duk da kakin da ke jikinsa, yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya, wato MDCN, wadda ke yi masa rajista, take sabunta masa lasisi duk shekara, take kuma ladabtar da shi idan ya yi sakaci. Inda abin damuwa yake shi ne wurin soja ko ɗan sandan da aka bai wa horon agajin gaggawa, wanda shi ke fara isa ga wanda harsashi ya sama a dajin Sambisa ko a hanyar Birnin Gwari, domin kwamandan da yake amsa wa zai iya auna biyayyarsa da jarumtarsa, amma ba lalle ne ya iya gane ko ya yi jinyar daidai ba.

Zubar jini daga hannu ko ƙafa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mayaƙan da da an ceto su, kuma maganinsa na farko shi ne maɗaurin tsayar da jini, wanda ake ɗaurewa tamau a sama da wurin raunin har jinin ya tsaya. Idan ya yi sako-sako jinin ba zai tsaya ba, idan kuma ya haura sa'o'i biyu haɗarin lalacewar gaɓar yana ƙaruwa, shi ya sa rubuta lokacin da aka ɗaura shi ya zama wajibi. Hannun da ya daɗe bai yi wannan aiki ba yakan manta, ko da takardar shaidar horon tana nan a fayil.

Don haka ya kamata kowace runduna ta rubuta iyakar aikin mai agaji da magungunan da aka yarje masa ya bayar, da sa hannun likita mai lasisi, a kuma sake gwada shi a aikace kafin kowace turawa fagen fama. Mafi muhimmanci, kowane mai rauni ya iso asibiti da katin da ke nuna abin da aka yi masa, sannan kwamitin likitoci, har da na farar hula daga wurare irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya riƙa bitar waɗanda suka rasu domin a gyara manhajar horon.

'Yan sanda ma abin ya shafe su, tun da dokar 2017 kan jinyar masu raunin harbin bindiga ta ɗora wa jami'an tsaro alhakin taimaka musu da kai su asibiti mafi kusa. Kwamitocin Majalisar Tarayya na da damar neman rahoton wannan horo duk lokacin da hukumomin tsaro suka je kare kasafin kuɗinsu.