Tashar Jiragen Ruwa ta Yelwan Yawuri

Garin Yelwa, hedikwatar Masarautar Yawuri a Jihar Kebbi, yana bakin Kogin Kwara ne ta gabas, daidai inda hanyar mota daga Kontagora zuwa Birnin Kebbi ta sadu da ruwa. Wannan saduwa ita ce tushen arzikin garin. A zamanin da, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ƙetare Kwara a ƙasar Yawuri. Cikin 1888 Sarkin Yawuri Abdullahi Abarshi ya mai da gadon sarauta Yelwa, daga nan kasuwar bakin ruwa ta yi ta bunƙasa.

Abin da Tafki ya Sāke

An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji cikin 1964, aka gama cikin 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kimanin mil 85, Yelwa kuwa tana kansa ta arewa. Ruwan ya cinye tsohon garin Busa da tsibirai masu yawa inda Gungawa ke noman albasa. Mutane fiye da 40,000 aka tasa aka sake musu matsuguni. Hasara ce babba, amma duwatsun Busa, inda Mungo Park ya halaka cikin 1806, sun nutse, hanyar jirage ta buɗe.

Ciniki

Ran kasuwa jiragen katako masu inji sukan taho daga ƙauyukan Ngaski da Shanga da gaɓar Borgu, ɗauke da albasa da shinkafa da dawa da busasshen kifi. Masunta, musamman Sarkawa, suna kawo giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa. Motoci su kwashe su kai birane, jirage kuma su koma da gishiri da sabulu da tufafi da man fetur.

Ruwa Biyu

Kwara takan cika sau biyu a shekara. Na fari shi ne farin ruwa, watau ruwan daminar ƙasashen kusa, mai laka, wanda kan zo wajen Satumba. Na biyu baƙin ruwa ne, wanda ya taso tun daga duwatsun Gini, ba ya isowa sai cikin hunturu. Da bazara tafki yakan janye, gaɓa ta yi nisa, kututturan itatuwan da ruwa ya rufe su matso kusa da cikin jirgi. Matuƙin da bai san lokutan nan ba, bai san aikinsa ba.

Gargaɗi

Cikin watan Mayu 2021 wani jirgi da aka cika wa kaya da mutane ya kife kusa da Wara a ƙasar Ngaski, rayuka masu yawa suka salwanta. Saboda haka Hukumar Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1997, tana hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima. Wajibi ne kowane fasinja ya sa rigar kariya, kowane mai jirgi kuma ya duba katako da inji kafin ya tashi. Tasha ba ta ci gaba sai mutane sun amince za su isa gida lafiya da kayansu. Rigakafi ya fi magani.