Muryar Kaka

Garin Maiwurno yana bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, a ƙasar Sudan. Mutanen ƙasar Hausa suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903.

A can Habu yake da kakarsa. Ta tsufa ƙwarai, ita kaɗai ta san waƙoƙin daka na da. Habu yana son ya ɗauke su a waya.

Suka shiga ɗakin baƙi, babu kome ciki. Kaka ta rera, suka saurara: sai amsa-kuwwa!

Baba ya ce: «Bango mai tauri ne ke maido murya. Abu mai laushi shanye ta yake yi.»

Habu ya ɗaura igiya, ya rataya barguna, ya jingina katifar auduga a kusurwa. Kaka ta sake rerawa. Murya ta fito tangaran.

Da magariba ya maida barguna, don ana sanyi.

Gwaji: Ku tafa hannu cikin aji, ku tafa cikin ɗakin kwana. Ina ƙara ta fi daɗewa?