Dayuretik: Maganin da Ke Sa Fitsari

Manomin Rijiyar Zaki da aka ba ƙwayar hawan jini yakan koka cewa ta hana shi sakat a gona, sai kewayawa yake yi. Maganin bai ɓaci ba, aikinsa ke nan. Likitoci na kiran irinsa dayuretik.

Asalin kalmar Girkanci ne: "dia", wato ta cikin, da "ouron", wato fitsari. Likitocin da suka yi rubutu da Larabci irin su Ibn Sina kuwa cewa suke "mudirrul bauli", siffa mafi armashi, domin tana nuna zuba irin ta nono daga hantsa. Daga "baul" ɗin nan Hausa ta samu "bawali".

Ƙoda takan tace jini, sannan ta mayar da mafi yawan gishiri da ruwa cikin jiki. Dayuretik yakan hana ta mayar da wani kaso na gishirin, ruwa kuma ya bi shi waje, sai kumburi ya sace, jini ya sauka. Zoɓon da ake shukawa a gefen gona ma yana da ɗan wannan hali.

Sai dai a zafin bazara ko lokacin azumi, ruwan jiki kan ƙaranta har jiri ya ɗebi mutum. Likita ne zai sauya masa lokacin sha, kada ya daina da kansa.