DARASI NA TARA: HUTU A GIDAN KAKA

Hausawa suna cewa zumunci a ƙafa yake. Wato ba a riƙe dangi da saƙo kawai, sai an tashi an je an gan su. Labarin da za ku karanta na wata ɗaliba ce da ta tashi a Badun, ta je hutu garin mahaifinta, Bauchi. Ku lura da yadda ake gaisuwa a cikin labarin, da kuma sunan da ake kiran kowane ɗan'uwa da shi.

Labari

Ummi ake kirana a gida, amma ba shi ne sunana na yanka ba. Sunan mahaifiyar babana aka sa mini. Shi kuwa ba zai iya buɗe baki ya kira sunan mahaifiyarsa ba, shi ya sa aka yi mini laƙabi. Babana mutumin Bauchi ne, mahaifiyata kuwa Bayarabiya ce. Da Yarabanci da Turanci muke magana a gida. Hausar da na iya ba ta wuce ta aji ba, sai 'yar wadda nake tsinta in mun je Sabo sayen tsire.

Shekara shida rabona da Bauchi. Ana saura mako biyu a ba mu hutun Disamba, sai Baffa, wan babana, ya bugo waya. Ya ce idanun Kaka sun yi rauni, ba ta gane mutum sai ta ji muryarsa, kuma kullum tana cigiyar takwararta. Da Baba ya ajiye wayar ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya dube ni ya ce, "Bana da ke za a je gida."

Mama ta haɗa mana tsaraba: goro, manja, garin rogo da turmin atamfa biyu. Muka shiga motar haya da asuba, muka bi ta Akure da Okene, muka haye kogin Kwara bayan mun wuce Lakwaja, muka kwana a Abuja. Washegari muka bi ta Akwanga, muka hau tsaunukan Jos, inda sanyi ya sa na lulluɓa da zanen Mama. Daga Jos zuwa Bauchi kimanin kilomita 130 ne. Hazo ya rufe duwatsu, an gama girbi, sai tarin kara a gonaki. Tun daga Toro Baba ya kama hira da direba da Hausa, yana dariyar da ban saba jin ya yi ba. Ni kuwa gabana sai faɗuwa yake yi, don a cikin kalma goma da ƙyar nake gane uku.

Da la'asar muka shiga cikin gari ta Ƙofar Wunti. Gidanmu babban gida ne mai zaure biyu. Baba ya tsaya ya yi sallama, aka amsa, nan da nan yara suka yanyame mu suka karɓe kaya. Muka tuɓe takalma a ƙofar ɗakin Kaka. Na ga Baba, mutum mai furfura a gemu, ya durƙusa har ƙasa ya sunkuyar da kai. Ni ma na durƙusa a bayansa.

Bayan sun gaisa, sai Kaka ta juyo wajen da nake ta ce, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?"

Na yi murna da na gane tambayar. Na ce, "Na gaji sosai."

Ɗakin ya kaure da dariya. Kaka ta tafa hannu ta ce, "Oho, ashe kishiyar tawa raguwa ce! Wannan ce za ta yi mini daka?"

Na san kalmar kishiya, mun karanta ta a aji, kuma ban san ta da ma'ana mai daɗi ba. Daga nan na rufe bakina. Duk abin da ta tambaya, Baba ne ya riƙa amsawa. Har ta ce, "Ta fita ne? Ban ji motsinta ba." Alhali ina zaune kusa da ƙafarta.

Da dare Goggo, ƙanwar babana, ta same ni ina share hawaye. Da ta ji dalili sai ta zauna ta yi mini bayani, rabi da Hausa rabi da Turanci. Ta ce tsakanin kaka da jika akwai wasa. Kaka takan kira jikarta kishiya, ta kira jikanta namiji maigida. Wanda take so shi take tsokana, kuma jika yana da damar ramawa. Game da gajiya kuwa, ta ce gaisuwa ba tambayar likita ba ce. Ko da ƙafa ka tako daga Badun, in an ce maka "Ina gajiya?" sai ka ce "Ba gajiya." Sa'an nan ta ce, "Ki ji, Ummi. Ba ta ganinki. In kika yi shiru, a wurinta ba ki zo ba."

Wannan magana ta hana ni barci. Da sassafe na je ni kaɗai na durƙusa na ce, "Kaka, ina kwananku? Kun tashi lafiya?" Ta miƙo hannu ta laluba kaina ta ce, "Lafiya lau, kishiya. Yaya baƙunta?" Na rasa amsa. Ita da kanta ta raɗa mini, "Ki ce, baƙunta ta ƙare." Na faɗa. Ta ce, "To, tun da ta ƙare, tashi ki taya Goggonki suyar masa."

A bakin murhu na koyi yawancin Hausar da na koya a wannan hutu. Abin da Kanawa suke kira waina shi mutanen Bauchi suke kira masa, kuma sun yi suna a kanta. Tun jiya aka jiƙa shinkafa aka markaɗa, aka haɗa da 'yar dafaffiya, aka bar ƙullin ya kwana ya tashi. Goggo tana zuba mai a gurbin tanda, tana zuba ƙulli, tana juyawa, tana kuma lissafa mini dangi. 'Yan'uwan uba maza su ne baffanni, mata kuwa goggonni. 'Yan'uwan uwa maza su ne kawunnai, "naki duk suna Badun," in ji ta. 'Ya'yan Baffa yayyena ne da ƙannena, babu wasa tsakaninmu. Amma 'ya'yanta ita Goggo taubasaina ne, ko me suka ce mini kada in ji haushi. Masa huɗu na ƙona kafin in iya juya ta biyar, taubasan nan kuwa ba su bar ni na manta ba har na bar garin.

A rana ta uku muka fita gaishe-gaishe. Gida bakwai muka shiga daga hantsi zuwa magariba. A kowanne sai an kawo ruwa da abinci, kuma ko ka ƙoshi sai ka taɓa. A gida na biyar ne na ga abin da ban zata ba. Gidan wani tsoho ne, ƙanen Kaka, wanda matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce. Baba ya gaishe shi, ya amsa a taƙaice, bai ko dubi goron da muka kawo ba. Baba ya ce ai ya yi waya a lokacin. Tsohon ya ce, "Na ji muryarka, amma ban ga ƙafarka ba." Baba bai yi musu ba. Ya gyara zama ya yi masa ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, aka ɗaga hannu aka yi wa mamaciya addu'a. Sai a lokacin tsohon ya jawo goron, ya ɓare ɗaya ya miƙa wa Baba rabi.

Na so a kai ni Yankari in ga giwaye, in yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, amma Baba ya ce mutane muka zo gani. Sai babban ɗan Goggo ya zagaya da ni cikin gari a Keke Napep. Ya nuna mini fadar Sarki, ya ce Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa birnin a shekarar 1809 bayan ya karɓo tuta. Ganuwar da aka kewaye garin da ita yawancinta ta rushe, amma sunayen ƙofofin suna nan, irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Nassarawo da Ƙofar Wambai. Daga nan muka je kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairu 1966. Ana bi ta wani lungu mai duhu kafin a fito fili inda kabarin yake, babu rufi a kansa. Na sha ganin hotonsa a takardar naira biyar, amma ban taɓa sanin cewa mutumin garinmu ba ne, kuma shi ya rubuta littafin *Shaihu Umar*. Taubashin nawa ya ce, "Garinku kuma? Ke da ba ki iya juya masa ba?"

Kwana goma muka yi. Kullum bayan lisha a ɗakin Kaka nake hira. Tana ba ni labarin ƙuruciyar Baba, ina gane rabi, ina tambayar rabi. In na yi kuskure ta yi dariya ta gyara mini. Ban sake neman tafinta ba.

Ranar da za mu tafi aka cika mana buhu da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da ƙuliƙuli, har da man shanu na Mama. Na durƙusa in yi sallama. Kaka ta shafa fuskata da hannu biyu, a hankali, tun daga goshi har haɓa. Ta ce, "Kishiya, kin cinye mini masa za ki gudu?"

Na ce, "Zan dawo, Kaka. Ku ajiye mini tandata."

Ta yi dariya har da tari. Sa'an nan ta ce, "Allah ya kiyaye hanya. Allah ya sa da rabon mu sake ganawa." Kowa ya ce amin. Baba bai ce uffan ba a mota har muka wuce Nabordo.

Ma'anar wasu kalmomi

*sunan yanka:* sunan da aka raɗa wa jariri ranar suna
*laƙabi:* sunan da ake kiran mutum da shi maimakon na yanka
*takwara:* wanda sunanku ɗaya da shi
*cigiya:* tambayar inda wani ko wani abu yake
*tsaraba:* kyautar da matafiyi yake kai wa mutanen gida
*kishiya:* matar da take auren miji ɗaya da wata
*tanda:* kasko mai gurabu da ake soya masa a ciki
*taubashi:* ɗan goggo ko ɗan kawu, abokin wasa
*ta'aziyya:* gaisuwar da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa
*tafinta:* mai fassara magana tsakanin mutum biyu

Lura da harshe

Ummi ta ce wa Kaka "ina kwananku" da "kun tashi lafiya", alhali mutum ɗaya take gaisarwa. Wannan shi ne jam'i na girmamawa, kuma da yawan Hausawa suna amfani da shi ga iyaye da malamai da sauran manya. Babba kuwa yakan ce wa yaro "ka" ko "ki" kawai.

Ku dubi kuma jimlar "Shekara shida rabona da Bauchi." Ana amfani da *rabo da* a nuna tsawon lokacin da mutum ya yi bai je wani wuri ba, ko bai ga wani abu ba. Misali: Wata uku rabonsa da gida. Yaushe rabonki da Jos?

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a kiran Ummi da sunanta na yanka?
2. Wane labari Baffa ya faɗa a waya?
3. Me ya sa aka yi dariya da Ummi ta ce, "Na gaji sosai"?
4. Me Goggo take nufi da cewa, "In kika yi shiru, a wurinta ba ki zo ba"?
5. Mene ne bambancin baffa da kawu?
6. Me ya ɓata wa tsohon rai, kuma da me kuka gane cewa ya huce?
7. Wa ya kafa birnin Bauchi, kuma a wace shekara?
8. A ganinku, me ya sa Baba ya yi shiru a mota?

Aiki

Ku rabu biyu-biyu. Ɗaya ya zama kaka, ɗaya ya zama jika da ya zo daga tafiya, ku gaisa a gaban aji tun daga sallama. Bayan haka kowa ya rubuta jimla goma a kan wata ziyara da ya kai wa danginsa, ya yi amfani da *rabo da* sau biyu. Idan a harshenku ma akwai wasa tsakanin kaka da jika, ku faɗi sunan da suke kiran juna da shi.