Amsoshin Tambayoyinku: Me Masu Tono Suka Gano Kusa da Suleja?

Malam Musa daga Suleja ya aiko da tambaya, yana cewa: "Shin masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun gano wani abu a yankinmu?"

To Malam Musa, mun gode. Sun gano kuwa. A Taruga, can kudu da Abuja, mai binciken kayan tarihi Bernard Fagg ya tono tsofaffin matoyan narkar da tama, na mutanen Nok. Mutanen Nok su ne masu mutum-mutumin yumɓu ɗin nan da aka fara tsinta wajen haƙar kuza.

Daga shekarar 2005, masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka ci gaba da aikin. Da gawayi da ƙonannen gero suka auna shekaru, suka gano al'adar Nok ta kai shekara 3,500. Abin da ya fi burge ni shi ne tukwane. A 2021 aka bayyana cewa an sami alamun kakin zuma a jikin tsingaron tukwanen Nok. Zuma fa, Malam Musa!

Ɓarayin kayan tarihi ne babbar matsala, domin ramin da suka hargitsa ba ya aunuwa. Idan ka tsinci irin wannan kayan tarihi a gona, ka bar shi inda yake, ka sanar da hukumar gidajen tarihi.