Kalmar "Christmas": Gaɓa Nawa Ce?

Kowace shekara ɗalibanmu suna rera waƙoƙin Kirsimeti da Turanci, amma kaɗan ne suke furta kalmar "Christmas" daidai. Ga shi kuma jarrabawar WAEC tana da sashen furuci, inda sauti guda kan jawo wa ɗalibi asarar maki.

Haruffan kalmar 9 ne, amma gaɓoɓinta biyu ne kacal: Christ-mas. Mu a Hausa mun mai da ita huɗu, Kir-si-me-ti, domin harshenmu ba ya fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere. Sai mu cusa wasali tsakaninsu, kamar yadda "bread" ya zama burodi, "driver" ya zama direba. Wannan daidai ne a Hausa. A Turanci kuwa, dole "k" da "r" su fito tare, ba wasali a tsakani.

Kalmomi biyu aka haɗa: "Christ", wato Almasihu, da "mass", sujadar da ake cin Jibin Ubangiji a cikinta. Tun ƙarni na 11 ake rubuta ta a Ingila. Da suka haɗu sai furucin ya sāke. A "Christ" wasalin "ai" ne, amma a "Christmas" ya koma gajeren "i". Haka ya faru da "wise" da "wisdom". Harafin "t" kuma ya yi shiru, kamar na "listen" da "castle". Saboda haka ka rubuta shi, amma kada ka faɗe shi: kris-mas.

To, me ya sa "ch" a nan take ba da sautin "k", ba irin na "church" ba? Domin sunan daga Helenanci ya fito, ma'anarsa Shafaffe, kuma harafinsa na fari a can "X" ne. Shi ne ake gani a "Xmas". Waɗansu suna tsammani an share sunan Ubangiji ne, alhali kuwa tsohuwar hanyar taƙaita sunan ce.

Saura nauyin murya. Ka ƙarfafa gaɓar fari, ta biyu ka sassauta ta har wasalinta ya kusa ɓacewa. Nan ne 'yan mawaƙa suka fi tuntuɓe, don sun saba ba kowace gaɓa cikakken hakkinta. Ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, sau ɗaya a hankali, kana faɗar kalmar. Sa'an nan ka gwada da "Christian", wadda ita "t" ɗinta bai yi shiru ba.